Yadda za ka huta da littafin bincike ko na almara, daga zaɓen littafi har shafin ƙarshe

Yawancin mu a Damagaram ranar da muka bar lakwal ranar muka yi sallama da littafi, in ka cire Alƙur'ani da littattafan addini. Kuma ban ga laifin kowa ba, tunda abin da aka saba mana da shi shi ne a ba ka roman a ce ka karanta ka yi bayaninsa a takarda a ba ka maki, to wa zai tashi daga aiki ko kasuwa a gajiye ya ce bari in huta da abin da ya sha bulala a kansa? Sai mutum ya jawo salula ya yi ta shafawa, daga TikTok ya faɗa Facebook ya koma WhatsApp, har ɗayan dare, ido ya yi ja kai ya yi nauyi, megarsa ta ƙare kuma gajiyar tana nan inda ya bar ta. Ni abin da nake so in nuna maka, ɗan'uwa, ke ma ƴar'uwa, shi ne akwai karatun da ba na jarabawa ba, na hutu zalla, kuma iri biyu ne suka fi yin wannan aikin: littafin bincike, wanda aka yi kisa ko sata ake neman wanda ya yi, da littafin almara, mai aljanu da dodanni da sarakunan da ba a taɓa yi ba. Amma sai an bi abin daki-daki, in ba haka ba littafin zai zama wani kaya a kanka.

Farko dai ka gane wace irin gajiya ce ke damunka

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa alhali shi ne tushe. Gajiya ba iri ɗaya ba ce. Akwai ranar da kai ya cika da tunani, bashi, kuɗin haya, maganar da wani ya faɗa maka da safe tana ta juyawa a zuciya, ka kwanta amma ƙwaƙwalwa ta ƙi kwanciya. Irin wannan ranar littafin bincike take so, saboda zai ba ƙwaƙwalwar wata damuwa wadda ba taka ba ce, ta bar naka lissafin ta koma lissafin wa ya buɗe ƙofa wa ya yi ƙarya, kuma abin da ya fi daɗi kana da tabbacin kafin shafin ƙarshe za a warware komai, mai laifi zai bayyana. A rayuwa ba kullum ake samun haka ba, shi ya sa in ka rufe irin wannan littafin kake jin wani sanyi a rai.

Akwai kuma ranar da ba tunani ne ya yi yawa ba, gundura ce, hanya ɗaya kullum daga gida zuwa biro ko shago, fuskoki ɗaya, zafi ɗaya, ƙura ɗaya. Wannan almara take so. Ka buɗe shafi ka tsinci kanka a wata ƙasa mai duwatsun ƙanƙara ko birnin aljanu a ƙarƙashin kogi, minti talatin kawai amma ka dawo kamar wanda ya yi tafiya. In ka ba mai gundura littafin kisa mai nauyi, ko ka ba mai damuwa almara mai sunaye ɗari da zai haddace, zai ajiye ya ce shi karatu ba nasa ba ne, alhali zaɓen ne bai dace ba.

Sai zaɓen harshe, kuma a nan ka ajiye kunya

Mu nan muna tsakanin harsuna, Hausa a gida da kasuwa, Faransanci a lakwal da biro, wasu kuma sun iya Turancin Ingilishi saboda zirga-zirgar Kano. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce ka karanta da harshen da ba zai sa ka tashi neman ƙamus ba. Buɗe littafin a tsakiya ka karanta shafi ɗaya, in kalmomin da ba ka sani ba sun wuce biyar ko shida, to ba na hutu ba ne, na koyo ne, ka bar shi zuwa wani lokaci. Kada wani ya sa ka ji wai karanta Hausa ƙasƙanci ne ga wanda ya yi jami'a. Kuma in ka yi lakwal ta Faransanci zalla ba ka saba karanta Hausa a rubuce ba, kwana biyun farko za ka ji kana tuntuɓe da haruffa masu lanƙwasa da kuma "sh" da "c" da "u" inda ka saba ganin "ch" da "tch" da "ou", maganinsa ka ɗan ɗaga murya kana karantawa, kunne ya san harshen tun kana goye, shi zai ja ido.

Littafin farko ya zama gajere

A ɓangaren almara ba sai ka je nesa ba. A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a Arewacin Najeriya, daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, aka buga su a 1934. Dukansu ƙanana ne, mutum zai iya gamawa a zama biyu ko uku. Na farkon yawon duniya ne na Alhaji Imam yana neman ruwan da ke warkar da cuta, shi da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe suna ta yi wa juna tsiya gari-gari, za ka yi dariya kai kaɗai har a leƙo a ga lafiya. Na biyun jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa sannan labarin ya kai shi duniyar aljanu. In waɗannan sun yi maka, sai Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda aka fara bugawa a 1937, shi kuma alherinsa ga mai neman hutu shi ne labarai ne gajeru-gajeru aku ke bayarwa don ya hana ɗan sarki fita, kowane dare ka ɗauki ɗaya ka rufe ka kwanta, ba wani labari da zai rataye ka har asuba. Akwai kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, 1951, ga mai son jarumta da sara da suka. Bayan su ga littattafan yaƙi na marubutan Kano na wannan zamanin, masu matsafa da takubba da sarauniyar aljanu, su ma suna da daɗi amma ka kula, da yawansu kashi-kashi ne, na ɗaya na biyu na uku har abin ya yi nisa, kada ka sayi na ɗaya sai ka tabbata mai sayarwa yana da na ƙarshe.

Manyan almarar Turawa kuwa ka bar su sai ƙafarka ta yi ƙwari. The Lord of the Rings na Tolkien juzu'i uku ne, ya fito 1954 zuwa 1955, shafi sama da dubu da taswira da tarihin zuriya, wanda ya fara da shi yawanci ba ya wuce babi na uku. In kana son marubucin, fara da The Hobbit na 1937, littafi ɗaya ne kuma don yara ya rubuta shi, akwai fassararsa da Faransanci. Harry Potter bakwai ne, daga 1997 zuwa 2007, na farkon siriri ne mai sauƙin harshe sai daga na huɗu suke yin kauri. Mai jin Ingilishi kuma ya nemi The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2007, don a ƙasarmu Nijar aka gina labarin, a shekara ta 2070, wani abu ne daban ka ga rairayi da raƙuman da ka sani a cikin irin wannan littafi.

A ɓangaren bincike Faransanci ya yi mana rana sosai, saboda kusan duk manyan an rubuta su da shi ko an fassara. Ni wanda nake fara miƙa wa mutum shi ne Maigret na Georges Simenon, mutumin Beljiyam, roman 75 ya rubuta a kan wannan kwamishinan ƴan sanda daga 1931 zuwa 1972, kowane ɗaya bai cika kai shafi 200 ba, Faransancinsa mai sauƙi ba fankama, kuma ba dole sai ka bi su a jere ba, duk wanda ya faɗo hannunka ka fara da shi. Maigret ba ya gudu ba ya harbi, zama yake yana shan lofensa yana kallon mutane har ya gane abin da ya tura mutum ya yi kisa, shi ya sa ya dace da dare, ba ya tayar da hankali. Agatha Christie ta Ingila roman 66 na bincike ta bari, na farkon a 1920, fitattun masu bincike a cikinsu su ne Poirot da tsohuwa Miss Marple, a Faransanci za ka gan su da bango ruwan ɗorawa na jerin Le Masque, in ka hangi wannan launin a tarin tsofaffin littattafai ka tsaya ka duba. Sherlock Holmes na Conan Doyle ya fara fitowa a 1887, roman huɗu ne da gajerun labarai 56, gajerun su ne abin nema, kowane ɗaya tsawon zaman shayi guda.

Amma wanda na fi so ɗan Damagaram ya gwada shi ne Moussa Konaté na Mali, Allah ya jiƙansa ya rasu a 2013. A littattafansa, kwamishina Habib da mataimakinsa Sosso suna bincike a Bamako da ƙasar Dogon da wajen masuntan Bozo a bakin kogin Kwara, kuma matsalar da suke fuskanta mun san ta sarai, ɗan sanda ya zo da takarda da doka, dattawan gari su ce wannan ba aikin mutum ba ne aikin iskoki ne, kowa ya yi gum ba mai ba da shaida a kan ɗan'uwansa. Karanta L'Empreinte du renard ka ji yadda ake binciken kisa a wurin da ba a yi wa babba tambaya kai tsaye.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, littattafan masu baƙin bango irin na jerin Série noire da ire-irensu na zamani da yawa akwai jini da azabtarwa da batsa a ciki, wasu na so, amma in hutu kake nema kafin barci ba su ne ba. Duba bayan littafin, in ka ga ana maganar mai kisan jere da yanka gawa, ajiye shi sai da rana.

Ina za a samo su

Tambayi na kusa da kai tukuna. Malaman lise da koleji, tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, ɗaliban jami'ar André Salifou, da yawa suna da kwali a ƙarƙashin gado cike da roman da ba wanda ya taɓa shekara da shekaru, in ka je da ladabi ka ce "Baba, ko Malam, a ara min ɗaya in karanta in dawo da shi", wallahi murna za su yi don sun daɗe ba su ga mai tambaya ba. Sai masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa wajen kasuwar Dole da bakin makarantu, yawanci littattafan lakwal ne a sama, sai ka durƙusa ka tona ƙasan tarin. Kafin ka biya ka duba shafin ƙarshe yana nan, amma ka rufe rubutun da tafin hannu ka dubi lambar shafi kawai, don littafin bincike da gara ta cinye ƙarshensa ba shi da wani amfani. Na Hausa kuwa Kano ce matattara, in wani naka zai je sari ka rubuta masa sunayen a takarda, tsofaffin na kamfanin buga littattafai NNPC na Zariya har yanzu ana sake buga su.

A salula ma akwai hanya ta halal. Littattafan da marubutansu suka daɗe da rasuwa sun zama na kowa, ana sauke su kyauta a shafukan intanet na Wikisource da Gallica da Project Gutenberg, a nan za ka samu Arsène Lupin na Maurice Leblanc, ɓarawon nan mai kwalliya da ya fara fitowa a 1905, da Le Mystère de la chambre jaune na Gaston Leroux, 1907, inda aka kai wa mace hari a ɗakin da ke kulle ta ciki kuma ba a ga ta inda maharin ya fita ba. In akwai zaɓi wajen saukewa ka ɗauki nau'in fayil na EPUB ka bar na PDF, domin EPUB rubutun yana bin girman allon wayarka kana iya ƙara masa girma, PDF kuwa sai ka yi ta ja da yatsa biyu hagu da dama har ido ya gaji. Manhaja irin ReadEra tana buɗe su kuma ba ta buƙatar intanet bayan ka sauke, littafi guda sau da yawa bai kai nauyin hoto biyu ba. Amma don Allah, marubutan Hausa da ke raye waɗanda ke sayar da littafinsu ta WhatsApp, in an turo maka kwafin sata a guruf kada ka ƙara turawa, ka biya ɗan abin da suka sa, mace ta kwana tana buga labari da babban yatsa a waya ga girki ga yara, haƙƙinta ne.

Lokaci da wuri

Nan ne abin ke tsayuwa ko ya rushe. Kada ka ce "in na samu lokaci zan karanta", ba za ka samu ba. Ka liƙa karatun a jikin wani abu da kake yi kullum. Lokuta biyu ne na ga sun fi dacewa da garin nan. Na farko tsakanin azahar da la'asar, musamman a bazara watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 gari ya yi tsit ba mai iya komai, ka samu zaure ko gindin bedi ka shimfiɗa tabarma, ruwan randa a kusa, ka jiƙa rawani ko ɗan ƙyalle ka ɗora a wuya. Na biyu bayan isha'i, an ci tuwo yara sun kwanta. Minti ashirin zuwa talatin ya isa a farko, kada ka ɗora wa kanka adadin shafi, kada ka yi gasa da kowa.

Ke uwargida na san naki lokacin ba a hannunki yake ba, amma akwai guntaye da ke zubewa, jiran layin pampo ranar da ruwa ya yi wuya, jiran tukunya ta nuna, zaman asibiti da yaro. Littafi ƙarami a cikin jaka ko a waya yana cike waɗannan. Matafiyi kuma, hanyar Yamai kusan kilomita 900 ce, yini guda a cikin bas, in karatu a mota yana sa ka jiri ka sauke na saurare tun a gida ka sa abin kunne, akwai na Faransanci kyauta a shafukan LibriVox da Litteratureaudio, na Hausa kuma masu karantawa sun cika YouTube.

Maganar haske kada ka yi wasa da ita. Wuta tana iya tafiya kana tsakiyar babi, don haka ka tanadi ƴar fitila mai caji ko mai hasken rana, ka sa ta a bayan kafaɗarka hasken ya sauka kan takarda, in tana gabanka ido take duka. In a waya kake karantawa da dare ka rage hasken allo, ka mai da bangon ya zama ruwan ƙasa ko baƙi, sannan abu mafi muhimmanci ka kashe data gaba ɗaya. In ba ka kashe ba saƙo ɗaya zai shigo ka ce bari in duba, shikenan an gama, sai ka farga awa ta wuce kana kallon bidiyon da ba ka nema ba. Shayi kuma, mu da shayi sai Allah, amma na farkon nan mai ɗaci in ka sha shi ƙarfe goma na dare littafi ba zai sa ka barci ba, ka jira na uku ko ka haƙura.

Yadda ake karanta na bincike

Littafin bincike dara ce tsakaninka da marubuci, ya jera ƴaƴansa a gabanka kana gani amma yana so ya ci ka. Kuma wasan yana da ƙa'ida, har wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox ya rubuta dokoki goma a 1929, daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kuma ba a yarda a ce aljani ne ko tsafi ya yi kisan ba, kuma mai binciken ba zai ɓoye wa mai karatu wata alama da ya gani ba. Wato duk abin da kake buƙata don ka gano mai laifi yana cikin shafukan da ka wuce.

To ga yadda za ka yi. Samu ƴar takarda ka sa a cikin littafin, ita ce alamar shafi ita ce kuma kundinka. Duk wanda ya shigo labari ka rubuta sunansa da kalma biyu, "likita, mai bashi", "ƙanwar mamaci, ta yi ƙarya kan lokaci". Sunayen Turawa suna da rikitarwa, mutum ɗaya a kira shi da sunan yanka a wannan shafi a kira shi da na iyali a wancan, in sun dame ka ka raɗa musu naka, wannan Dogo wancan Hajiya mai gida, ba mai kama ka. Tambaya uku kake riƙewa a kan kowa: me zai samu in mamacin ya mutu, yana ina lokacin da abin ya faru, kuma wa ya shaida hakan ban da bakinsa. Ka lura da ƙananan abubuwan da marubuci ya ambata ya wuce da sauri kamar ba komai, agogon da ya tsaya, kare da bai yi haushi ba, kofi uku a tebur alhali an ce mutum biyu suka zauna. Wanda aka fi nuna maka da yatsa a tsakiyar littafi yawanci ba shi ba ne, an sa shi ne don ya ɗauke maka hankali.

In ya rage kamar babi biyu, rufe littafin, rubuta sunan wanda kake zargi da dalilinka, sannan ka ci gaba. In ka ci ka ji daɗi, in an ci ka daɗin ya fi, don za ka koma baya ka ga inda aka wuce da kai ido buɗe. Kuma kada ka leƙa ƙarshe, duk yadda zuciya ta matsa. Wanda kuma ya ce shi duk wannan rubuce-rubucen aiki ne, a bar shi ya bi labari kawai, shi ma daidai ne, takardar don ƙarin daɗi ce.

Na almara kuma sai ka saki jiki

Shi akasin wancan ne, ba a son ka tsaya bin diddigi. Shafi talatin ko arba'in na farko za ka ji kamar baƙo a garin da ba ka san kowa ba, sunayen ƙasashe da ƙabilu da wasu halittu, kada ka tsaya haddacewa, ka kama mutum ɗaya, jarumin ko jarumar, ka bi bayansa, sauran za su zauna da kansu. In akwai taswira a farkon littafi ka sa yatsa ka bi tafiyar, yana taimakawa ƙwarai. Abin da kawai za ka lura da shi shi ne dokar wannan duniyar, me sihirinsu ke iya yi me ba ya iyawa, kuma me ake biya kafin a same shi, marubucin kirki ba ya karya dokar da ya kafa, in ka ga duk sanda jarumi ya shiga uku sai wani sabon ƙarfi ya faɗo masa daga sama ba dalili, littafin ba shi da ƙwari, kana iya barinsa.

Na san akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da labarin matsafa da sihiri ba saboda addini, kuma ba zan raina wannan ba. Ni yadda na ɗauke shi, mun tashi kakanninmu suna mana gatanan gatananku, Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Ɓotorami, a ƙare da ƙurunƙus, ba wanda ya tashi da safe ya ɗauka gaskiya ne, ƙage ne aka san ƙage ne. Amma in ka karanta ka ji ranka bai natsu ba, ka bar shi, ka koma na bincike ko labaran tarihi irin wasan kwaikwayon Tanimoune da André Salifou ya rubuta kan Sarkin Damagaram Tanimu, hutun da ke tare da damuwar zuciya ai ba hutu ba ne. Dare Dubu da Ɗaya kuma akwai shi da Hausa, yana da daɗi, sai dai akwai wuraren da ba na yara ba, kada a bar shi a tsakar gida.

Inda za ka tsaya, da lokacin da za ka yar da littafi

Marubutan nan gwanaye ne wajen ƙare babi a daidai inda ba za ka iya ajiyewa ba, an buɗe ƙofa, an ga gawa, babi ya ƙare. In ka ce sai ƙarshen babi za ka tsaya, za ka ji kiran assalatu da littafi a hannu, ka makara sallah ka wuni kana hamma a wurin aiki, abin da aka nema don hutu ya koma gajiya. Dabarar ita ce ka tsaya a tsakiyar babi, wurin da labari ya lafa, ana cin abinci ko ana tafiya a hanya, ka sa takardarka ka rufe. In ka san kanka ka sa ƙararrawar waya ta minti talatin, ta yi ƙara ka ƙarasa sakin layin da kake ka kashe fitila.

Sannan ba dole ba ne ka gama duk littafin da ka fara. Ka ba shi shafi hamsin, in har lokacin ba ka damu da abin da zai faru da kowa a ciki ba, mayar wa mai shi ka karɓo wani, ba maki za a ba ka ba. Wani littafin ma ba laifinsa ba ne, lokacinsa ne bai zo ba, bayan shekara ka sake ɗauka ka ga ya kama ka.

Ka jawo ƴan fadarku

In ka gama guda biyu ko uku ka ji abin ya shiga jikinka, kai shi fada. Ku samu mutum huɗu ko biyar kowa ya sayi littafi ɗaya ku riƙa musanya, kuɗin ɗaya ka karanta biyar. Mafi daɗi ma a samu mai murya ya riƙa karanta babi ɗaya da ƙarfi ana dafa shayi, in na Faransanci ne ya riƙa juyawa da Hausa don wanda bai yi lakwal ba, sai a tsaya kafin ƙarshe kowa ya faɗi wanda yake zargi, za ka sha mamaki, sau da yawa tela ko mai kabu-kabu da bai taɓa riƙe roman ba shi ke fara gano mai laifi don ya san halin mutane. Doka ɗaya ce tak, wanda ya riga ya karanta ya kama bakinsa, in ya fasa ƙwai shi zai sayi sukari da ganyen shayi na mako. A gida ma haka, labari ɗaya na aku bayan isha'i yara za su bar rigimar waya su kewaye ki.

Littafin aro kuma a yi masa riga da takardar buhun siminti ko tsohuwar kalanda, a rubuta sunan mai shi a ciki da bik, a riƙe ɗan kaye na wa ya ɗauka yaushe. A ajiye su sama a kan kanta ko cikin akwatin ƙarfe, nesa da bangon ƙasa saboda gara, in hunturu ya shigo da ƙurarsa a sa su cikin leda, da damina kuma a riƙa fito da su suna shan iska kada su yi fumfuna.